Kawu da Tumatir Goma

Kawuna ma'aikacin jami'a ne. Idan ya faɗi haka a wurin taro yakan yi shiru ya bar mutane su ɗauka yadda suka ga dama, har wasu su fara kiransa Malam suna roƙon ya sama wa 'ya'yansu gurbin karatu. Gaskiyar magana furanni yake shukawa. Shekara ashirin da bakwai yana kula da lambun da ke gaban ginin hukumar jami'a, wanda manya ke ratsawa daga mota zuwa ofis, taku ashirin ba ƙari. Kayan aikinsa baro mai kukan taya, tiyo da aka ɗaure da roba wuri uku, almakashin aske shinge da butar ban ruwa. A duk shekarun nan sau ɗaya aka taɓa ba shi takardar gargaɗi, ranar da wani babban baƙo ya hango rawayan ganye a tukunyar bakin matakala ya nuna da sandarsa. Kawu bai taɓa mantawa ba. Tun daga ranar ya tsani rawayan ganye kamar yadda mace ke tsanar ɓera a ɗakin girki.

Shi ne babba a ɗakinsu, Ummata ce auta. Yana aji huɗu na firamare mahaifinsu ya rasu, ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya don ƙannensa su ci gaba, kuma da guminsa Umma ta zama malamar makaranta. Yana iya rubuta sunansa, yana karanta lambobi, sauran kuwa sai ya bi harafi harafi yana motsa baki. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba. Saboda haka da na samu shiga tsangayar aikin gona ba a ma tsaya shawara ba, aka kai akwatina ɗaki biyun da suke zaune a gidajen ƙananan ma'aikata, bayan katangar jami'a. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ranar da na iso ya zagaya da ni gida gida yana cewa ga wadda za ta koya masa noman boko.

Noman boko kuwa, shekara biyu ban taɓa ƙasa ba. Lissafi ne da sinadarai a babban ɗakin lakca da ke ɗaukar mutum ɗari huɗu, mu kuma mun kusa ɗari tara. Wanda bai zo da sassafe ba a taga zai tsaya, yana rubutu a bayan na gabansa. Malamin yana can ƙasa yana magana da allo, lasifika ta mutu tun kafin a haife mu, sai dai ka kwafi littafin wanda ya kwafi littafin wanda ya zauna a gaba. Duk yamma Kawu zai wanke ƙafafunsa a bakin famfo ya zauna a kujerarsa ta roba ya ce, to, yau me aka koya muku? A shekarar farko ina ba shi amsa da gaske, har ina zana masa yadda saiwa ke shan ruwa. A ta biyu na fara gajartawa. Zuwa ta uku sai in ce masa abubuwa dai, in wuce ɗaki. Ba na alfahari da wannan, amma haka aka yi.

Karatun shekara biyar ne a takarda. Yajin aikin malamai ya ci wata takwas, na ma'aikata ya ci uku, wani kuma har yau ban san na su wane ne ba, sai ga ni a shekara ta bakwai. Ƙawayena na sakandare da ba su shiga jami'a ba har sun yaye ɗa na biyu. Umma ta daina tambayar yaushe zan gama, sai dai ta ce Allah ya kawo ƙarshe, ni kuma wannan addu'ar ta fi tambayar ciwo. Na shiga ajin ƙarshe da abu ɗaya a raina: in fita bana tare da 'yan ajinmu, ko da rarrafe.

Abin da ya rage tsakanina da ƙofa shi ne aikin binciken da kowane ɗalibi yake yi ya kare a gaban malamai kafin a sallame shi. Aka haɗa ni da wani malami da kowa ke kira Dakta kawai, kamar babu wani dakta a duniya. Ba mugu ba ne. Ɗalibai arba'in yake dubawa shi kaɗai, ga lakca, ga taron da ba ya ƙarewa. A ƙofar ofishinsa akwai wani dogon benci, kuma rabin ajin ƙarshe a kansa na yi shi. Za ka zo ƙarfe takwas ka tarar da takarda manne a ƙofa cewa yana taro, ka zauna har azahar, ya fito da waya a kunne ya ɗaga maka hannu ya wuce. Babina na farko sau huɗu ya dawo da jan biro, a na huɗun ya gyara abin da shi da kansa ya sa na rubuta a na biyu.

Aikin nawa mai sauƙi ne a baki. Wane taki ya fi sa tumatir 'ya'ya? A bayan tsangaya akwai rumfar gwaji mai bangon raga da rufin leda, ƙofarta da waya ake ɗaurewa. Nan na jera bokitai arba'in, ƙasa iri ɗaya da na tankaɗe da hannuna har tafina ya yi kanta, iri ɗaya, ruwa daidai da gwangwani. Goma na ɗaura musu jan zare na ba su kashin kaji, goma shuɗi da kashin shanu, goma kore da takin zamani. Goman ƙarshe masu farin zare ruwa kawai suke sha. Su ne ma'auni, da su za a gane abin da kowane taki ya ƙara, kuma idan babu su sauran talatin ɗin ado ne kawai. Sati goma sha biyu, kowace Litinin in auna tsawo da rula, in ƙirga ganye, in rubuta a littafi, a ƙarshe in tsinki 'ya'ya in ɗora a sikeli.

A sati na biyar Kawu ya biyo da baronsa ya leƙo. Ya bi layi yana shafa ganye yana yaba masu jan zare, ya ce kashin kaji ba ya ƙarya. Da ya iso kan masu farin zare sai ya tsaya. Sun tsumbure, ganyen ƙasa ya fara rawaya, daidai yadda ya kamata. Ya tambaye ni ko waɗannan marayu ne, me suka yi mini? Ranar kuwa Dakta ya dawo mini da babi na biyu ja jawur, ga wani ya ɗauke mini rula, ban karya ba, raina a wuya yake.

"Kawu, bar su haka. Bincike ne, ba za ka gane ba."

Sai ya tambaya ko akwai manyan da za su zo dubawa, na ce eh, akwai farfesan da ake gayyatowa daga wata jami'a, sau ɗaya a shekara, shi ke da maganar ƙarshe. Ya gyaɗa kai, ya tura baronsa ya tafi.

A sati na bakwai marayun suka fara kore. Na ɗauka sauyin yanayi ne. A na takwas suka yi toho ta ko'ina, a na tara suka kere wa masu kashin shanu tsawo, suna neman kamo masu takin zamani. Na auna sau biyu, na ari wata rula na sake aunawa. Ƙawata da muke kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, ta ce in gode wa Allah, na gano cewa taki asarar wahala ne, za a sa ni a jarida. Na zauna a benci kwana biyu kafin na samu Dakta, na miƙa masa jadawalin lambobin.

Ya duba ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce abu biyu ne, ko na zauna a ɗaki na dafa lambobin nan kuma ban iya dahuwa ba, ko na rikita zaren. Na rantse masa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya tashi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya bi ni har rumfar. Ya zagaya bokitan, ya cusa bironsa a ƙasar wani mai farin zare, ya zaro ya shinshina. Ya ce an ciyar da waɗannan, kuma wanda ya ciyar da su ya san aikinsa.

Washegari ina idar da sallar asuba na ga Kawu ya riga ya fita, kamar kullum. Gari na wayewa na nufi rumfar, niyyata in ɓuya in kama wani ɗan ajinmu da nake zargi da hassada, har na shirya abin da zan gaya masa. Na tarar da wayar ƙofa a kwance. A ciki ga baro, ga jarka, ga Kawu durƙushe a gaban masu farin zare yana zuba musu wani baƙin ruwa da gwangwanin madara, a hankali, gefen saiwa. Da ya gan ni sai ya yi dariya irin ta wanda aka kama yana ɓoye tsaraba. Ya ce ya so sai ranar da farfesan ya zo in gani da idona. Ya fara ba ni labarin haɗin, kashin kaji da toka da ruɓaɓɓen ganye da yake jiƙawa a duro sati biyu, sirrin da ko mai gidansa a wurin aiki bai sani ba. Sati huɗu ke nan yana zuwa, yau ya zo gobe ya huta.

Abin da na faɗa masa ba zan maimaita shi duka ba. Na ɗaga murya a kan mutumin da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na ce ya rusa mini shekara bakwai da gwangwanin madara, na ce wa ya aike shi, na ce garin gyaran gira ya tsone mini ido. Yana durƙushe yana kallona, dariyar tana gushewa kaɗan kaɗan.

"Na ji kin ce za a zo dubawa, Uwata. Ba na son a nuna naki da sanda."

"Kawu, yunwar nan ita ce aikin. Da gangan na hana su."

Ya dubi tumatirin, ya dube ni. "Wane irin karatu ne wannan, sai an bar abu da yunwa?"

A nan na zauna a kan bokitin da aka kife na yi masa bayanin da ya kamata in yi masa tun sati na biyar. Bai kai minti uku ba. Ya gane tsaf, har ya ƙarasa mini maganar da kansa, ya ce kamar a raba gona biyu ne a sa wa rabi taki don a ga bambanci, sun sha yi a ƙauye. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Minti uku ne kawai, ni kuma na yi ƙyashinsu.

Na koma wurin Dakta na roƙe shi a bar ni in kare da lambobin sati biyar na farko, tunda su lafiyarsu ƙalau. Ya ce taken da aka amince mini na 'ya'yan tumatir ne, a sati biyar kuwa ko fure babu. Sauya take sai kwamitin sashe, kwamitin kuma ranar Juma'a zai yi zamansa na ƙarshe. Sake shuka ba zai yiwu ba, saura sati shida farfesa ya zo. Amma akwai hanya ɗaya. Idan na rubuta cewa wani ne ya taɓa mini gwaji, na sa sunansa da sashen da yake aiki ko ajinsa, zai kai wa kwamiti, kuma ya tabbata za su tausaya su sauya mini taken, don laifin ba nawa ba ne. Idan babu suna, to sakacina ne, sai baɗi. Na tambaya me za a yi wa mai sunan. Ya ce idan ɗalibi ne kora, idan ma'aikaci ne ƙarami shi ma da wuya ya sha, don hukuma ba ta wasa da lalata bincike. Kawu saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya, kuma gidan da muke kwana na jami'a ne.

Da na gaya wa Rediyo, ta kawo shawarwari kamar tara a numfashi ɗaya. In ce akuya ce. In ce wani ma'aikaci ne da ban ga fuskarsa ba. In ari lambobin 'yan bara in ɗan girgiza su, rabin ajinmu haka suka yi kuma ba wanda ya mutu. Na ce mata akuya ba ta jiƙa taki a duro, Dakta suna yake so ba labari ba, kuma mutumin da ya shinshina ƙasar da bironsa ba zan kai masa lambobin aro ba. Ta ce to in rubuta sunan mana, tsoho ne, za a ji tausayinsa. Na ce wanda aka ba takardar gargaɗi a kan ganye ɗaya?

Kwana huɗu na yi da maganar a cikina, ban gaya wa kowa a gida ba. Kawu ya daina zama a kujerarsa da yamma, yana dawowa zai shige ɗaki. Inna tana ajiye mana abinci tana kallon wannan tana kallon wancan, ta ce gidan ya zama kamar na makoki. Ni kuwa ina kwance ina lissafin shekaru. Me ya sa ni zan biya? Ni na ce ya taɓa? Ranar Alhamis na zauna a ɗakin karatu na rubuta takardar, da kyakkyawan rubutu, na sa cikakken sunan Kawu da sashensa, na sa hannu. Ban ji komai ba sai daɗi, kada in yi ƙarya.

Ranar Juma'a na je da shirin zaman benci, ina fatan in tarar da takardar taro a ƙofa, lokaci ya wuce, in ce ƙaddara ce ta yanke. Sai ga ƙofa a buɗe, Dakta zaune shi kaɗai yana shan shayi, a karo na farko a tarihin jami'ar. Ya miƙo hannu ya ce ina takardar. Tana cikin jakata, yatsuna suna kanta. Ba wani tunanin kirki da ya zo mini, ban tuna fartanyar da ya ɗauka don Umma ba, ban tuna komai ba. Hannun ne kawai ya ƙi fitowa.

"Ban san wanda ya yi ba, Dakta."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin ya san ƙarya nake yi. Ya ce to shekara ce fa, na ce na sani. Na fita na shiga banɗakin mata na yayyaga takardar, na yi kukan da ban taɓa yi ba, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne zalla. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a faɗi yadda ake zama da warin ba. Na kira Umma na ce mata matsala aka samu a sashe. Ta yi mini addu'ar nan tata.

'Yan ajinmu suka kare ayyukansu. Farfesan ya zo ya tafi, kuma ko hanyar rumfar gwaji bai bi ba, takardu kawai ya karanta a ofis mai sanyi. Tumatirina arba'in suka yi 'ya'ya jajur, marayun Kawu suka fi kowa, masu shara suka tsinke abinsu. Tsakanina da Kawu sai ina kwana da sannu da zuwa. A saninsa ya ɓata mini aiki ne kawai, bai san an ba ni zaɓi ba, kuma na yi niyyar kada ya taɓa sani. Na manta cewa Rediyo ta san hanyar gidanmu. Ta zo yi mini sallama ba na nan, Inna ta ba ta ruwa, kafin ta shanye kofin ta kwance komai, har da ranar Juma'a da banɗaki.

Ranar Litinin na je sashe cike takardar maimaita shekara. A bencin Dakta, tsakanin wasu 'yan aji huɗu su biyu masu latsa waya, ga Kawu zaune da kayan da yake zuwa ɗaurin aure da su, hularsa a gwiwa. Ya nemi izini a wurin aiki, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori. Na matsa kusa na ce ya tashi mu tafi, magana ta riga ta wuce. Ya ce ba wurina ya zo ba. Takardar taro tana manne a ƙofa. Ya zauna har la'asar, ya dawo Talata, ya dawo Laraba. Ɗaliban suka ɗauka mahaifin wani ne da aka kora, har suna matsa masa wuri suna ba shi labarin halin Dakta. Ni ina tsaye a ƙarshen baranda kowace rana, na kasa tafiya na kasa zama kusa da shi.

Ranar Alhamis Dakta ya fito da waya a kunne ya ɗaga hannu zai wuce. Kawu ya miƙe ya tsaya a gabansa. Bai taɓa tare hanyar babba ba a rayuwarsa. Ya faɗi sunansa da sashensa da lambar aikinsa, ya ce shi ne ya zuba wa tumatirin yarinyar nan taki, ba ta sani ba, a rubuta a yi masa abin da ya dace, ita a sallame ta. Dakta ya kashe wayar. Ya dubi Kawu, ya hango ni a can, na ga ya haɗa lissafin.

"Baba, sunayen masu fita sun tafi majalisar jami'a tun satin jiya. Ko ni aka kora yau ba za a ƙara suna ba."

Kawu ya tambaya wa ke gaba da majalisar, ya je ya same shi. Dakta ya ce babu, sai baɗi. Sannan ya rage murya ya ce shi bai ji komai ba yau, Baba ya koma bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa haɗin nan dai mai kyau ne, ya sa kai ya tafi taronsa. Haka aka tashi, ni na ba da shekara, shi ya kawo aikinsa a tafin hannu an ce ba a buƙata. Muka sauko matakala tare. Sai da muka kai ƙasa ya tambaye ni ko haka muke zama a bencin nan kullum. Na ce haka. Ya ce shi da yana ganin mu ta taga yana cewa 'yan jami'a sun huta, suna zaune a inuwa.

Da aka buɗe sabuwar shekara na sake tankaɗe ƙasa, na sake jera bokitai arba'in, na sake ɗaura zare. Ina shiga sashe da 'yan ajin da suke gaishe ni a bara suna ce mini Anti. Bikin yaye ɗalibai ya faɗo a sati na biyar na sabuwar shukar, ranar Litinin, ranar awo. Filin taron ba shi da nisa da rumfar, kuma ranar lasifikar jami'a ta tuna aikinta, ina durƙushe da rula ina jin sunayen 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, har na Rediyo, da guɗar danginta. Na ƙirga ganyen bokiti ɗaya sau uku ina ɓata lissafi.

Na ji kukan tayar baro ya tsaya a waje. Kawu ne da kayan aiki, jiƙe da gumi, don tun safe yake jera tukwanen furanni a gaban dandamali. Bai shigo ba. Ya tsaya a bayan raga yana kallon masu farin zare, waɗanda suka tsumbure suka fara rawaya. Na ga yana haɗiyar yawu. Ya tambaya saura sati nawa, na ce bakwai. Ya ce za su fi haka lalacewa? Na ce sosai ma, idan Allah ya taimake ni.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabon kwaɗo, makullansa biyu suna rataye a zare, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Ki sa wannan, Uwata, kuma ki riƙe makullan duka biyun. Ta nan nake wucewa kullum da safe, ban yarda da kaina ba."

Ya tura baronsa ya koma filin, don idan an tashi shi zai kwashe tukwanen. Na gama awon layin ƙarshe, na rubuta, na fito na kulle ƙofar.